Kujerar Na-Waje da Idon Gwaggo

Na-Waje ake ce masa, kuma ba a gidansu ya samo sunan ba. Abokan tafiyarsa na wata ƙungiya ne suka laƙaba masa bayan ya manyanta, ya ƙi sunan har ya gaji, daga baya ma in an kira shi da na gaskiyar sai ya waiga ya duba ko da wani ake. Sana'arsa gyaran keken ɗinki. Shagonsa wani ɗan lungu ne tsakanin mai walda da mai sayar da fenti, a ciki kawunan kekuna jere a kan katako, wasu an gyara suna jiran masu su, wasu kuwa masu su sun bar ɗinki ko sun bar duniya. In tela ya kawo masa keke, ba ya tambayar me ya same shi. Zai ɗora ƙafa ya taka, ya karkata kai yana saurare, sannan ya ce, "Ka daɗe kana cutar bawan Allahn nan." Faratansa baƙaƙe ne da man keke tun yana saurayi, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura.

Ubansa ma tela ne, sai yanar ido ta rufe masa gani yana da sauran ƙarfinsa. Na-Waje ne babban ɗa, shi ya bar makaranta ya riƙe masa sanda, ya kai shi kasuwa, ya kai shi gaisuwa, ya kai shi bayan gida, har tsohon ya rasu bai ƙara ganin fuskar kowa ba. An daɗe da rasuwar, wani ma'aikacin asibiti ya kawo keken matarsa gyara, hira ta kai su kan yanar ido, mutumin ya ce ai wannan aikin rabin awa ne, a cire ta a sa wani ɗan gilashi, washegari mutum ya karanta jarida.

Na-Waje ya ajiye abin da ke hannunsa. "Rabin me?"

"Rabin awa."

Ya gama keken, ya ƙi karɓar ladansa, ya rufe shago da rana tsaka.

Daga wannan rabin awar ƙungiyar ta fito. Su biyar suka kafa ta. Akwai shi, akwai wani Hedimasta mai ritaya da aka ba shugabanci saboda ya iya jawabi ba takarda, da wata mata da ta yi aikin banki har ta gaji, ita ce Ma'aji, da Mai Kemis na bakin titi da aka yi wa sakatare, sai wani tsohon Direba da aka saka saboda yana da mota. Aikinsu ɗaya ne. Sau ɗaya a shekara likitocin ido na zuwa babban asibiti su yi mako guda, ƙungiya ta tara talakawa masu yanar ido, ta biya musu gilashi da magani da gado da kuɗin mota. Suka yi rajista, aka rubuta su biyar ɗin a matsayin amintattu, wato waɗanda hukuma za ta damƙa in abu ya ɓaci. Suka kama ɗaki a saman shagon tayoyi, tebur ɗaya, kujerun roba, da fanka mai hura gefe guda. A bango suka rataye takardu biyu cikin gilashi, ta rajista da ta yafe haraji. Ta biyun ce uwar tafiya, domin 'yan kasuwar da ke ba su gudummawa ba sa sakin ko sisi sai sun gan ta, da ita suke rage nasu harajin.

Suna cikin jin daɗin aikinsu sai wani siririn mutum ya hauro daga ofishin haraji, da jaka da murmushi. Ya sha ruwan da aka ba shi, ya yaba fanka, sannan ya ce a nuna masa waɗanda aka yi wa aiki bara. Ya ɗora yatsa a kan suna.

"Wannan wace ce?"

"Surukata ce," in ji Hedimasta.

"Wannan fa?"

"Ƙanen Direba."

"Wannan?"

Ma'aji ta dubi fanka. Mijin yayarta ne.

"Ranka ya daɗe, makafi ne fa," in ji Hedimasta. "Makafi na haƙiƙa."

"Ban ce suna gani ba," in ji mutumin, murmushin na nan yadda ya shigo da shi. "Hukuma ta yafe muku haraji ne don ku yi wa jama'a aiki. In danginku za ku yi wa, ba laifi, zumunci ne, Allah ya ba da lada. Sai dai ku biya haraji kamar mai tayoyin nan na ƙasa."

Aka dakatar da takardar. 'Yan kasuwa suka rufe aljihu ruf, likitoci suka zo suka yi makonsu suka tafi, ƙungiya ba ta kai ko mutum ɗaya ba. Akwai wata tsohuwa da aka riga aka yi wa alkawari, ta riƙa lallaɓowa tana laluben bango har saman benen tana tambaya ko an sa rana, kuma duk zuwanta Na-Waje take tararwa, shi ne mai ce mata a ƙara haƙuri. Ta yi ta zuwa har ta daina. Bai taɓa tambayar dalilin da ya sa ta daina ba, don ya san amsar ba za ta yi masa daɗi ba.

To, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Suka zauna suka gyara tsarin mulkin ƙungiya, suka ƙara dokoki biyu. Ta farko, duk amintaccen da maganar da ake kai ta shafe shi, ya faɗa da bakinsa ya fita, sai an gama a kira shi. Ta biyu, amintacce da matarsa da 'ya'yansa da iyayensa ba za su ci komai na ƙungiya ba muddin yana kan kujera. Na-Waje ne ya ɗaga hannu ya ce a ƙara, "ko ɗigon maganin ido." Aka ƙara.

Sauran huɗun sun ɗauki dokar fita kamar yadda ake ɗaukar doka, wato in ta kama dole. Shi kuwa ya ɗauke ta kamar magani. Za a sayi kujeru, ya miƙe, matar mai kujerun shi ke gyara mata keke. Za a ɗinka labule, ya miƙe, ba telan da bai taɓa ɓata masa rai ko faranta masa ba. Za a sa sunan wani dattijo, ya miƙe, sun taɓa haya a gida ɗaya. Mai gyaran keke a unguwar da kowane gida akwai keke, wa zai ce bai sani ba? Ya zama da an karanta ajanda shi ya fara laluben takalmi. Mai Kemis ya gaji da rubuta "ya fita, ya dawo" a rahoton taro, ya je aka sassaƙa masa hatimi mai kalmomin, in mutumin ya miƙe sai ya buga kawai. A bakin ƙofa akwai wata tsohuwar taya da mai shago ya jingine, nan yake zama da hularsa a gwiwa, yana jin muryoyinsu ta bango ba ya gane abin da suke cewa, kuma ba ya kasa kunne don ya gane. Bai taɓa fashin taro ba, bai kuma taɓa ganin wani taro daga farko har ƙarshe ba. Nan sunan Na-Waje ya samo asali. Mai binciken kuɗi da ya zo duba littattafansu ya ce a duk yawonsa bai taɓa ganin ƙungiya mai tsabta haka ba. Takardar yafe haraji ta dawo, aka goge gilashinta aka mayar bango.

Kada wani ya ɗauka wahala yake sha. Na-Waje yana son kujerar nan, so na gaske, duk da rabonsa da zama a kanta kaɗan ne. A shago shi mai gyara ne, tela ya tsaya masa a ka yana taunar asuwaki yana cewa jiya ma haka ka ce. A ƙungiya kuwa sunansa na cikin gilashi a bango, in zai sa hannu a rahoton shekara sai an jira ya goge yatsunsa. A makon aiki yana rataya kati a wuya, masu gadin asibiti su buɗe masa ƙofa ba tambaya, ya riƙo hannun tsofaffi ɗaya bayan ɗaya ya kai su bakin ɗakin tiyata, washegari ya tsaya a cire musu bandeji. Wani ya yi kuka, wani ya yi dariya, wata ta dubi 'yarta ta ce ashe haka kika yi ƙiba. Duk tsohon da aka buɗe wa ido, ubansa yake gani. Wannan makon yake ci ya ƙoshi har shekara ta zagayo.

Matarsa kuwa duk layin Gwaggo suke ce mata, har 'ya'yanta, shi ma ya bi bakin yara. Gajera ce mai saurin hannu da ƙarancin magana kamarsa, sai dai ita in ta faɗi tata ɗaya sai ka wuni kana juya ta. Ita ke gwada kekunan da ya gyara. Ya kawo kan keke gida, ta zura zare, ta ja layi a ƙyalle, ta ɗaga ta duba, ta ce "ya yi" ko ta ce "koma." Bai taɓa mayar wa tela kekensa ba sai da "ya yi" ɗinta. Ba ta taɓa hawa benen ƙungiya ba, amma ita ke goge masa rigar taro.

Wata rana ta miƙo masa allura. "Malam, zura min."

Ya zura ya ba ta, bai kawo komai a ransa ba. Bayan 'yan watanni ya shigo gida ya tarar tana yi wa rigarsa da ke rataye a ƙusa sannu da dawowa. Ya yi gyaran murya daga bayanta. Ta juyo, ko a jikinta.

"Ita ma ba ta amsa ba," ta ce. "Duk halinku ɗaya."

Ya kama hannunta ya kai ta bakin taga ya ɗaga haɓarta. Mutumin da ke gane yanar ido daga tsallaken titi ba sai an gaya masa ba. Idonta na hagu ya yi fari kamar an ɗiga madara, na dama ya soma. Ya saki haɓar ya ce iska ce, zai nemo mata magani.

Ma'aji ce ta same shi har shago, ta share katako da gefen mayafinta ta zauna. Ita ba ta iya kwana-kwana ba.

"Na haɗu da Gwaggo a kasuwa, na gaishe ta, ta amsa wa mai tumatir. Ka san doka, da bakinka aka rubuta ta. Ka sauka daga kujera kafin mu rufe sunayen bana, mu sa ta a gaba. Shi ke nan, ba wani dogon lissafi."

"Zan duba," in ji shi.

Ya kuwa duba. Ya sayo babban ƙwan lantarki ya sa a ɗaki. Ya karɓo ragowar farin fenti wurin maƙwabcinsa ya shafa a bakin dakali don ta riƙa ganin inda za ta taka. Ya sayo mata tabarau a kasuwa, ta sa ta ce yanzu hazon ya ƙara girma. Maganin ɗigawa ma sai da ya tafi can wata unguwa ya sayo, don kada a ce ya yi ciniki da Mai Kemis, amintacce ɗan'uwansa. Ya je wani asibitin kuɗi ya tambayi farashin aikin, aka faɗa masa, ya yi godiya, ya dawo gida a ƙafa. Sauka ce kaɗai bai duba ba, kuma yana da dalilai. Direba ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, taro kuwa ba ya zama taro sai da mutum huɗu, in shi ya sauka saura uku. Sa sabon amintacce a rajista aiki ne mai cin watanni. Rahoton shekara na gaba. Yanar ma ba ta gama nuna ba, baɗi ma rana ce. Abin haushin shi ne duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Mutum in yana son abu, gaskiya ma sai ta zo ta taya shi riƙewa.

Ana gab da rufe sunaye Hedimasta ya ja shi gefe bayan taro, ya rage murya.

"Ka ga, ba sai an kai ruwa rana ba. Mu rubuta ta da sunan gidansu da adireshin yayanta. Wa zai sani?"

Ranar aka san Na-Waje na da murya. Har mai tayoyi sai da ya leƙo.

"Ni? Ni za a haɗa baki da ni a cuci takardar nan? Ka manta shekarar da aka ɗauke ta? Ka manta tsohuwar nan mai bin bango? Hedimasta, da girmanka! Wallahi ko uwata ce ta dawo duniya ba zan yi ba."

Hedimasta ya ba shi haƙuri, ya ce shaiɗan ne. Na-Waje ya sauko benen nan ƙirjinsa a buɗe, yana jin kansa wankakke tas. Ya isa gida ya kwashe labarin duka ya gaya wa Gwaggo, har da yadda Hedimasta ya sunkuyar da kai.

"Ka kyauta, Malam," ta ce.

Karkatacciyar hanyar da ya ƙi ya ba ta labari. Miƙaƙƙiyar da Ma'aji ta nuna masa, wadda ita ma ya ƙi, bai ambata ba, kuma daɗin ƙin ta farko ya ishe shi ya daina tuna ta biyun. Aka rufe sunaye. Likitoci suka zo, ya rataya katinsa, ya yi mako yana jan matan mutane zuwa ɗakin tiyata. Kullum ya dawo ta tambaye shi an yi lafiya, ya ce lafiya lau, ta ce madalla, ta laluba ta ajiye masa ruwa a inda take zaton yana zaune.

Ta daina gwada keke. Ya riƙa mayar wa teloli kayansu ba "ya yi," wasu suka dawo da ƙorafi. Gidan kuwa ta haddace shi da ƙafa, in ba ka sani ba sai ka rantse tana gani, sai dai in wani ya matsar da bokiti.

Bayan wasu watanni, da hantsi, maƙwabciya ta zo shago da gudu ta ce ya zo. Ya tarar da Gwaggo a tsakar gida ta dafe gefen kanta na hagu, ta yi amai, idon ya yi ja wur, ya yi tauri kamar dutse. Matar da ta haifi 'ya'yanta ba a ji kukanta ba, ga ta tana nishi tana kiran sunan uwarta. A asibiti aka ce yanar ce ta nuna har ta wuce, ta kumbura ta toshe idon. Aka ba ta ƙwayoyi da na ɗigawa, ciwon ya lafa, aka ce sauran bayani sai likitocin ido sun zo.

Autarsu, wadda ke aure a wata unguwa tana sayar da yadi, ita ta zo jinya. Ta bari sai da uwar ta yi barci, ta fito ta same shi a dakali yana wanke hannu. Ta durƙusa kamar yadda ta saba, amma muryarta ba ta durƙusa ba.

"Baba, in tambaye ka. Kujera ce ko Gwaggo?"

"Ke, wace irin magana ce wannan?"

"Ma'aji ta gaya mana tun bara. A gabana ta gaya mata, a ɗakin nan. Ta ce in ka sauka an gama."

Ya tsaya da sabulu a hannu. "Gwaggo ta sani?"

"Ta sani. Na ce zan yi maka magana ta hana ni. Ta ce a bar maka abinka, shi kaɗai gare ka." Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu cikin fushi. "Ni dai na faɗa. In ta tashi ka ce mata na yi rashin kunya."

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tuna "ka kyauta, Malam," ya gane da sani ta faɗa. Ya ɗauraye hannu, ya shiga ya nemi takarda da biro, ya rubuta layi uku.

Sai dai ƙungiya mai tsabta ba a barinta da garaje. Tsarin mulki ya ce saukar amintacce ba ta tabbata sai taro ya amince. Aka kira taro, Mai Kemis ya karanta takardar, Na-Waje ya miƙe ya ce maganar ta shafe shi, ya fita. Mai Kemis ya buga hatimi. Can sai Ma'aji ta leƙo.

"Mun zama uku. Ba taro."

"To in shigo?"

"In ka shigo kana da hannu a maganar, ƙuri'ar ta ɓaci."

Suka tsaya suna kallon juna, ita a ciki shi a waje. Hedimasta ya ce a rubuta kawai an yi, wa zai... sai ya tuna da wanda yake magana ya haɗiye sauran. Aka ɗage taro. Sai da aka yi makonni ana lallashin iyalan Direba, sannan 'ya'yansa biyu suka ɗauko shi a kujera suka hau da shi benen suna haki, suka ajiye shi ƙarƙashin fanka. Aka sake karanta takardar, Na-Waje ya sake fita. Hedimasta ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu, Direba ya ɗaga wanda ke motsi. Ya tambaya da karkataccen bakinsa me aka zaɓa, aka gaya masa, ya ce ai da ya sani da bai ɗaga ba. An riga an rubuta. Ma'aji ta fito ta karɓi katin wuya da mabuɗin ofis, ta ce, "Allah ya saka da alheri," ta juya da sauri don kada ya ga fuskarta. Sunan Gwaggo ne na farko a jerin bana.

Da makon aiki ya zo, mai gadi sabo ne, ya tsare su a ƙofa ya ce su bi layi, suka bi. Likitan da ya duba ta yaro ne, sa'an Auta, bai san Na-Waje daga ko'ina ba. Ya haska idon dama ya gyaɗa kai. Ya haska na hagu, ya sake haskawa, ya rufe mata na dama da tafin hannu ya ce ta nuna masa inda fitila take. Ta nuna bango. Ya kashe fitilar ya juyo.

"Baba, kai ne mijinta?"

"Ni ne."

"Na dama za mu yi gobe, za ta gani da shi in Allah ya so. Na hagu ya tafi, jijiyar ta mutu, ko mun cire yanar ba abin da zai dawo." Ya jefa biro a tebur, ga alama ya gaji da faɗin irin wannan maganar. "Bara muna nan, a ɗakin nan. Da bara ne da duka biyun za ta tafi da su. Kuma kyauta ake yi, akwai ƙungiya a nan da ke biya, ba ku ji ba? Ina kuka shiga bara?"

Na-Waje ya buɗe baki. Ya yi niyyar faɗa, Allah ya sani ya yi niyya, har ya ja numfashi.

"Ni ce, likita," in ji Gwaggo. "Tsoron wuƙa nake. Ya yi ya yi da ni, na ƙi."

Likita ya juya kanta ya yi mata faɗa kamar 'yar makaranta. Ya ce irinsu ne ke ba su wahala, a kawo musu alheri har gida su tsaya tsoro, yanzu ga shi tsoro ya ci mata ido. Ta sunkuyar da kai tana cewa, "Haka ne. Na yi kuskure. A yi haƙuri." Na-Waje na tsaye riƙe da jakarta.

Aka yi aikin, washegari aka cire bandeji. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta dubi hannunta, ta dubi Auta da ke kuka, sannan ta dube shi ta daɗe.

"Wa ke goge maka riga?" ta ce.

Da aka sallame su Auta ta yi gaba neman mota, su biyu suka biyo a hankali ta doguwar barandar asibiti, yana riƙe da gwiwar hannunta duk da yanzu ba ta buƙata. Sun kusa ƙofa kafin ya iya magana.

"Gwaggo, me ya sa kika ce ke ce?"

"To me kake so in ce? A gaban yaro?"

"Da kin bari na faɗa."

"Ka faɗa ya dawo da shi?"

Suka ƙara 'yan taku, sai ta tsaya, ta juya kai tana nemansa.

"Malam, koma ta dama. Ta nan ba na ganinka."

Ya saki hannunta, ya zagaya ta bayanta ya koma dama, suka ci gaba da tafiya.